Yadda Ake Zanen Haɗe-haɗe a Gida Ko da Hidimar Yara Ta Sha Miki Kai

Duk matar da ke rainon yara a Legas ta san yadda yini yake sulalewa. Ki tashi kafin assalatu ki ɗora ruwa, ki shirya 'yan makaranta, maigida ya fice tun duku-duku don ya riga cunkoson Oshodi, ke kuma ki kama shara da wanki da cefane, in kina da sana'a ki nufe ta. Kafin ki ankara an kira magariba. Wanda ya ce miki ki zauna ki yi zane a cikin wannan hali, sai ki ce baƙo ne a garin.

Ni ma haka na ɗauka. A Agege nake, ciki da falo, yara uku, autan bai cika shekara uku ba. Abin da ya sa zanen haɗe-haɗe ya zauna mini shi ne, shi da kansa ba ya yarda a yi shi a zama ɗaya. Hawa-hawa ake gina shi, kuma kowane hawa sai ya bushe kafin a ɗora masa wani. Kin shafa gam na minti goma sha biyar, dole ki tashi ki ba shi wuri, kina so ko ba kya so. Tashin da yara ke tilasta miki, aikin ma yana nemansa. Kina can kina tuƙa tuwo, shi yana saman wadirof yana bushewa.

Da mata nake magana don ni mace ce, amma uban da ke dawowa daga kasuwar Mile 12 da daddare, ya sami minti ashirin bayan isha'i, duk abin da ke nan ya shafe shi.

Wane irin zane ne wannan?

Zane ne da ake tara kaya iri-iri a kan allo ɗaya: fenti, ƙyalle, takarda, zare, yashi, maɓalli, duk abin da gam zai riƙe. Masu tarihin zane na Turai suna kai maganar ga shekarar 1912, lokacin da Picasso da Braque suka fara manna takarda da makamantanta a jikin zanensu a Faransa. A nan gida kuwa akwai Jimoh Buraimoh na Osogbo da ya yi suna wajen jera duwatsun ado a kan allo, da El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, wanda ke ɗinke dubban marafan kwalba da waya har su zama kamar ƙaton mayafi. Bruce Onobrakpeya, da ya yi karatun zane a Zariya ya zauna a Legas, shi ma ya daɗe yana haɗa ƙarfe da katako da tarkace iri-iri a aikinsa. In kin sami sarari ranar hutu, gidan zane na Nike da ke Lekki cike yake da irin waɗannan ayyuka. Gani ya kori ji.

Sai dai ni ban ɗauke shi baƙon abu ba. Badukun da ke yanka jar fata da koriya ya ɗinka su a kan tumtum, me yake yi? Maginin da ke dasa faranti a jikin bangon soro ya kewaye shi da dagi fa? Ga allon zayyana da launukansa. Hannunmu ya san aikin tun tuni, allon ne kawai ya canza.

Fara da akwati, ba da zane ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kina da minti ashirin kacal, kika ɓatar da goma wajen neman almakashi, kin tashi a tutar babu. Don haka kwana biyun farko ba za ki zana komai ba, tara kaya za ki yi. Nemi bokitin fenti mai marfi ko akwatin roba da ke rufuwa ruf, don kyankyaso da danshi, ki zuba komai a ciki, ki ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Abin saye ba shi da yawa. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ƙaramar roba ta isa aiki da yawa. Fentin akirilik, wato fentin zane da ake damawa da ruwa, mai saurin bushewa, kala biyar: fari, baƙi, ja, ruwan ɗorawa da shuɗi, sauran launuka daga cikinsu za ki haɗa. Buroshi biyu, mai faɗi ɗaya na gam da share fage, siriri ɗaya na layi. Ragowar farin fentin bango na ruwa, ko gwangwanin madara ɗaya ne, masu fenti na unguwa za su tsiyaya miki. Sai ruwan ƙyallin da ake rufe zane da shi, wanda masu shago ke kira banish, ki tabbatar na ruwa ne, amma wannan zai iya jira zuwa ƙarshe. Kayan zane an fi samunsu a Yaba, saboda ɗaliban kwalejin fasaha ta Yabatech, wadda ke nan tun 1947. In tafiyar ta yi miki nisa, shagunan littattafan makaranta na Ikeja sukan ajiye fenti da buroshi.

Ban da fentin mai. Yana kwanaki bai bushe ba, wanke shi sai da tina ko kananzir, warin kuma ba na ɗakin da jariri ke kwana ba ne. Ban da gam ɗin nan mai kama yatsa nan take, ban da mai wari da masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Da wuya ki buƙace su, kuma hatsarinsu a gidan yara ya fi amfaninsu.

Sauran kayan kyauta ne. Je wurin telanki da kanki da leda, zuwa da kai ya fi saƙo. Na ce wa namu, "Malam, don Allah yankakkun ƙyallayen nan kada a zubar, a tara mini." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai taimakonmu kika yi, shara suke cika mana." Gab da sallah ledar ma ba ta ɗauka. Ki zaɓi atamfa da yadin auduga, su ne ke shan gam. Leshi na roba da yadi mai santsi taurin kai gare su. In kina da maƙwabciya Bayarabiya mai ɗinki, roƙi guntayen adire, rinannen yadinsu, shuɗinsa ba shi da na biyu wajen yin ruwa. A gida kuma ki tara kwali mai kauri, tsofaffin ambulan, jarida, zaren saƙa, maɓallan tsofaffin riguna, ɓawon albasa, tsohon katin banki da ya daina aiki, da tsohon buroshin goge baki. Wajen dama fenti, da can robar kumfa ta abincin sayarwa nake sawa, to gwamnatin jihar ta hana ta tun Janairun 2024. Marfin bokiti ko fasasshen tayil ya ma fi ta, don ana wankewa a sake.

Abu ɗaya game da takarda: duba ta ciki da bai kafin ki yaga. Jarida da kalanda da tsofaffin littattafan yara sukan zo da aya ko sunan Allah. Irin wannan ba ta shiga aikin, ba ta shiga shara. Littafin Islamiyya kuwa kada ma ya kusanci akwatin.

Allo da share fage

Ki fara da ƙarami, santimita 30 da 40, kamar faɗin tiren shayi. Babban allo yana cinye haƙuri, kuma ba shi da wurin ɓuya a ciki da falo. Mafi inganci shi ne guntun filawud daga wurin kafinta, ki ce ya goge miki gefensa da sanfefa. In babu, yanka kwali biyu daidai da juna ki manne su da gam, amma ki gicciye su, layin cikin ɗaya ya tafi tsaye, na ɗayan a kwance. Haka yake hana shi lanƙwasa.

Kwali da katako suna shanye fenti kamar busasshiyar ƙasa, shi ya sa ake share musu fage. Nawa haɗin ke nan: cokali huɗu na farin fentin bango, cokali biyu na gam, cokali biyu na garin alli da aka daka aka tankaɗe, da ɗan ruwa har ya yi kaurin kunun gyaɗa. Shafa da buroshi mai faɗi daga hagu zuwa dama, ki bar shi ya bushe. Shafi na biyu daga sama zuwa ƙasa. Bayan allon ma sai kin shafa masa, da gefunansa huɗu. Wannan ne matakin da na tsallake a aikina na farko, washegari na tarar da kwalin ya tanƙware kamar ƙwarya, domin fuskar da ta jiƙe ta ja, ɗayar ba ta ja ba.

A nan ne Legas take nuna ita ba Kano ba ce. A Arewa, da hunturu, shafin nan kafin ki wanke buroshi ya bushe. A nan, musamman tsakanin Afrilu da Yuli da ruwa ke zuba, iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, abin da zai ɗauki rabin awa sai ya ci yini. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: ki shafa siriri, ki jingina shi inda fanka ke kaɗawa, in babu wuta kusa da taga. Kada ki shanya a tsakar rana, zafin yana murɗa kwali. Gwajin bushewa kuwa da bayan hannu ake yi. In kin ji sanyi-sanyi, da saura, ko da ido ya ce ya bushe.

Me za a zana?

Gidaje da yawa a cikinmu ba sa rataye hoton mai rai, kuma wannan bai rage komai ba. Ga gine-gine, ga kwale-kwale, ga kasuwa, ga furanni, ga zanen hula da na wuyan riga irin su aska takwas. Misalin da za mu bi a nan shi ne wanda na fi so a cikin nawa: danfo, motar hayar nan ta Legas mai launin ruwan ɗorawa, a kan gadar Third Mainland da magariba, ruwa a ƙasa, dagi a sama a gurbin rana. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a kan gadar nan mai tsawon kusan kilomita 12 ya san launin da sama ke yi a wannan lokaci.

Ɗauki fensir ki ja layi biyu a kwance, su ne gadar. Kada ki sa su a tsakiyar allo cif, sauko da su ƙasa kaɗan, sama ta ci kusan kashi biyu cikin uku. Zana akwati mai ɗan tsawo a kan gadar, shi ne danfo, shi ma ki gusar da shi gefe ɗaya. Da'ira a ɗaya gefen can sama, wurin dagi. Shi ke nan. In kin iya zana akwati da da'ira, kin iya wannan. Kada ki wuce launi huɗu: ruwan ɗorawa, baƙi, shuɗi, da ja-ja na sama. Yawan launi ne ke mai da aikin farko haɗin gambiza.

Kafin gam ya taɓa komai, jera ƙyallayen da takardun a kan allon haka kawai, ki matsa wannan, ki cire wancan. In ya yi miki, ɗauki hotonsa da waya. Gobe in kin dawo, hankalinki na kan kuɗin makaranta da gas da ya ƙare, hoton ne zai tuna miki inda kika tsaya.

Rina takarda a kicin

Wannan ne wurin da na fi jin daɗi, kuma ba ya cin wani lokaci na daban, don a gefen girki ake yinsa. Zuba zoɓo cikin tafin hannu a kofi ɗaya na ruwa, ki tafasa har ya koma rabi, ki tace. Ban da sukari, in ba so kike tururuwa su riga ki ganin aikin ba. Raba shi a 'yan kwanuka uku. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu ki matsa masa lemun tsami, zai yi ja mai haske. Na uku ki sa masa ɗan ƙwayar kanwa, ki tsaya ki kalla: zai juye ya koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Launin zoɓo yana bin tsami da kanwa ne, kuma yara suna ɗaukar abin tamkar dabo. Saboda wannan dalili ne ma ba na shafa zoɓo kai tsaye a kan allon. Allin da ke cikin shafin fage ɗan'uwan kanwa ne, yana kashe jan ya mai da shi toka-toka. Farar takardar ofis ma takan ja shi zuwa shuɗi in ya bushe, don haka ki gwada a gefen takarda tukuna.

Ɓawon albasa, wanda a Mile 12 tattake shi ake yi, in ya tafasa minti ashirin yana ba da ruwan zuma mai kyau. Baƙin shayi yana ba da ruwan ƙasa, yana sa sabuwar takarda ta yi kamar ta shekara talatin. Kurkum ruwan ɗorawa ne shar, bular wanki kuma shuɗi. Shimfiɗa takardun a kan leda, ki shafa musu da soso, wasu ki bar launi biyu su gauraya a tsakiya, ki shanya su a igiya cikin ɗaki. Ki rina fiye da buƙatarki, ragowar na aikin gaba ne.

Gaskiyar magana, launin kicin yana koɗewa, kurkum ya fi kowa saurin gudu, zoɓo na bin sa. Shi ya sa nake ba su sama da wuraren da laushi ke yi wa kyau. Abin da nake so ya daɗe da ƙarfinsa, kamar danfon, ƙyalle da akirilik nake ba shi. Kanwar kuma a kula da idon yara.

Mannawa, daga nesa zuwa kusa

Ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya fi nisa shi ake fara mannawa. Sama, sannan ruwa, sannan gada, sannan mota. Kowanne zama ɗaya ne na minti goma sha biyar zuwa ashirin.

Dama gam cokali biyu da ruwa cokali ɗaya. Takardun sama yaga su za ki yi da hannu, a kwance, dogaye-dogaye, kada ki sa almakashi, don bakin yagaggiyar takarda yana da laushi irin na gajimare. Shafa gam a allon, ɗora takardar, ki bi ta da katin banki daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, sannan ki ɗan shafa gam a samanta da sauƙin hannu, don rinin kicin yana tashi in an dirje shi. Mai duhu a can sama, mai haske a kusa da gada, kowace ta ɗan hau kan 'yar'uwarta. Kada farin gam ɗin ya tsorata ki, in ya bushe garau yake komawa. In takarda ta yi 'yar tattara, bar ta, a sama kyau take ƙarawa.

Ruwa da ƙyalle za a yi shi. Ki riga ki wanke ƙyallayen don sitaci ya fita, ki goge su ranar da kike gugar kayan makaranta. Gwada kowanne da jiƙaƙƙen farin tsumma, in ya zuba, to zai zuba a cikin gam ya ɓata maƙwabcinsa. Shadda rinanniya ta fi yin haka. Yanka shuɗayen siri-siri, wasu dogaye wasu gajeru, ki jera su a kwance, ki jefa ɗan ja ko ruwan ɗorawa ɗaya-biyu a tsakani, hasken sama ke nan a kan ruwa. Ƙyalle ya fi takarda shan gam, don haka kada ki yi masa rowa, amma kada ya yi iyo.

Gadar da yashi nake yinta, don hannu ya ji kaushin siminti. In yashin bakin teku ne, ki wanke shi sau uku ki shanya, domin gishirin da ke cikinsa yana janyo danshi, bayan wata biyu ki ga wurin yana gumi. Tankaɗe shi, ki haɗa cokali ɗaya na yashi da cokali ɗaya na gam marar ruwa da ɗigon baƙin fenti da fari. Manna salatif na takarda a kan layukan fensir ɗin nan biyu, ki shafe tsakaninsu da katin banki, ki ɗaye salatif ɗin tun haɗin yana ɗanye. Ƙafafun gadar ma haka, uku ko huɗu sun isa. Wannan hawan yana son kwana guda cur, da damina kwana biyu.

Danfo kuwa almakashi yake so, don bakinsa ya fita tsaf. Yanka shi a kan kwali siriri, kamar na kwalin shayi, ki lulluɓe shi da ƙyalle ruwan ɗorawa, ki naɗe bakin ta baya, sannan ki manna a kan gadar da gam mai kauri. Tudun da kwalin ya ba shi ne zai sa ya taso daga cikin hoton. Ratsi biyu baƙaƙe a jikinsa, tagogi daga jarida ko takardar da kika rina da shayi.

In hawa ya sha iska awa ɗaya ko biyu, ɗora masa leda, don gam ba ya kama ta, ki danne da littattafai masu nauyi zuwa safe. Kada ki rufe shi da leda yana jiƙe sharkaf. Na taɓa yi a watan Yuni, na mance shi kwana uku, na buɗe na tarar fumfuna ta yi masa fure. Don haka ne ma na daina gam ɗin sitaci da na fulawa. Suna da araha, suna kamawa, amma a garin nan abincin kyankyaso da fumfuna ne.

Buroshi kuwa, ko yaro na tsala kuka, jefa shi a kofin ruwa kafin ki tashi. Gam da akirilik in suka bushe a jikinsa, sai dai ki sayi wani.

Dagi, tayoyi da layin ƙarshe

Zana dagin a takarda tukuna har hannunki ya faɗa, sannan ki kwafa shi da fensir a cikin da'irar. Bi layin da gam marar ruwa ta bakin tsinken sakace, ki kwantar da zaren saƙa a kai kaɗan-kaɗan, kina danna shi da tsinken. Inda layi ya gitta wani, ɗaya ya bi ta sama, na gaba ta ƙasa, kamar saƙar tabarma. Wannan aikin ba na lokacin da yara ke farke ba ne. Ni bayan sallar asuba nake yinsa ranar Asabar, da babu makaranta.

Tayoyi, baƙaƙen maɓallai biyu. Abu mai nauyi kada ki dogara da gam kaɗai: huda allon da ƙusa ko basilla, ki ɗinke shi ta baya da zare mai ƙarfi ko siririyar waya. In marfin kwalba na ƙarfe kike so, buge shi ya baje, ki shafe shi da fenti ciki da bai, in ba haka ba iskar Legas za ta sa ya yi tsatsa ya zubo wa ƙyallen.

Saura layi. Da siririn buroshi da baƙin akirilik ki fitar da ƙarfen gefen gada da fitilun titi. Tsoma tsohon buroshin goge baki a farin fenti mai ruwa-ruwa, ki karce shi da yatsa a kan ruwan, ya yi feshi kaɗan. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, tana da baƙi mai daɗin ido, amma ruwa na taɓa ta take narkewa, don haka in da ita za ki yi, ta zama ta ƙarshe, kuma wajen rufewa ɗiga mata banish za ki yi, ba ja da buroshi ba.

Daga nan jingina allon a bango, ki koma bakin ƙofa ki kalle shi. In zuciyarki ta ce ƙara wani abu, bari sai gobe. A nan ne ake zuwa gyaran gira a rasa ido.

Yaran fa?

Ba a korarsu, ba a kuma sakar musu allon. Kowa a ba shi nasa guntun kwalin da ragowar takardu da gam a marfin kwalba. Babbar 'yata, mai shekara tara, ita ke yaga mini takardun sama, mai bi mata yana ware ƙyallaye launi-launi, aikin da ke zaunar da shi rabin awa cur, abin da waya kaɗai ke iya yi a da. Autan kuwa takarda da ruwan zoɓo nake ba shi ya dama da tafin hannu, in ya kai baki ma babu komai, muddin ba mai kanwar ba ne. Maɓalli da duwatsu da ƙusa da allura ba sa fitowa daga akwati sai ya yi barci, don yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kaiwa. In na gama, ƙirga su nake yi kafin in rufe.

Wata rana hannu zai kai ga naki, wannan babu makawa. Nawa, an zana masa jan layi daga sama har ruwa ina wanka. In fentin ɗanye ne, jiƙaƙƙen tsumma zai ɗauke shi. In ya bushe, yagi wata takarda ki manna a kai. Aikin da aka gina da faci, ƙarin faci ɗaya ba ya nuna kansa.

Rufewa da ratayewa

Bar allon kwana biyu ba ki taɓa shi ba. Wasu suna rufewa da gam mai ruwa, kuma a Arewa hakan yana wucewa, amma a nan in damina ta kankama sai ya yi danƙo, ƙura ta manne masa. Banish na ruwa ya fi. Zaɓi ranar da gari ya washe, don in ana ruwa yakan bushe da hazo-hazo. Shafi siriri, buroshi na tafiya gefe ɗaya, kada ki koma kan inda kika wuce. Washegari ki ƙara na biyu. Bayan allon ma ya samu.

Rubuta kwanan wata a baya, da sunayen waɗanda suka taya ki yage-yage. Manna marafan robar ruwa guda huɗu a kusurwoyin baya, su ɗaga shi daga bango iska ta riƙa ratsawa. Ɗaura igiya ko waya a sama. Wajen zaɓar bango, shafa tafin hannunki: wanda ke da sanyi ko fentinsa ke ɓarewa yana shan ruwa, kauce masa, haka ma wanda rana ke bugawa ta taga da wanda ke kusa da hayaƙin kicin. Ƙura kuwa busasshen buroshi mai laushi ya ishe ta, ban da jiƙaƙƙen tsumma. In damina ta yi nisa, sauke shi sau ɗaya a wata ki leƙa bayansa, in kin ga ɗigon fumfuna ki goge da busasshen ƙyalle a waje, ki bar shi ya sha iska a inuwa yini guda.

Ni kwana goma sha ɗaya wannan ya ɗauke ni, har da kwana biyun da autan ya yi zazzaɓi ban ko buɗe akwatin ba. Ranar da za ki dama haɗin share fage, yanka allo biyu ki shafe su tare, wankin buroshin ɗaya ne. In na farko yana saman wadirof yana jiran yashinsa ya bushe, sai ki sauko da na biyun ki fara jera masa ƙyalle.